Soson bango bai rufa min asiri ba

Jama'a, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Kun san na manna soso a bangon ɗakina na zaure don amsa-kuwwa ta daina ɓata min rikodin. Ta daina kuwa. Sai na ɗauka na waje ma ba sa ji na. Na rufe ƙofa, na ware murya ina kwaikwayon Baba in yana ciniki da dillalan tumatir: "Albarka! Ku tafi Kadawa ku sayo ruɓaɓɓe!"

Ina buɗe ƙofa, ga Baba a zaure da dillalan, suna ƙunshe dariya!

Na ce, "Baba, sannu da hutawa."

Ya ce, "Yawwa. Ka iya, amma ka manta ba ka yi tari irin nawa ba. Koma ka sake, baƙi na jira."