Ranar da Teku Ta Gudu ta Bar Yaya Bukari

Duk wanda ya sake kiran yayana Bukari "Kapiten" a gabana, wallahi sai na wanke shi tas. 'Yan Damagaram da ke unguwar Stains a gefen Paris sun mai da shi abin dariya a wurin suna da biki, alhali rabinsu a ɗakinsa suka fara sauka.

Yaya Bukari ɗan dako ne a Rungis, babbar kasuwar abinci ta Paris. Tun yana saurayi yake jidar akwatunan kifi cikin ƙanƙara, har yatsunsa suka daina miƙewa. Sashen kifin nan "la marée" Faransawa suke ce masa, shi ma haka ya riƙe: ya tafi mare, ya dawo daga mare. Teku kuwa bai taɓa sa ta a ido ba, sai abin da aka ciro daga cikinta.

Da aurensa ya mutu, matar ta koma Lyon da 'yarsu Leïla. Sai hutun Agusta yarinyar take zuwa, ta wuni da waya a hannu tana yatsina wai gidan ƙarni yake. A 2014 ta gaya masa wannan ne zuwanta na ƙarshe, tunda ba ya kai ta ko'ina. Hankalinsa ya tashi. Ya ɗauke ta sai bakin teku a Bretagne, ya yi hayar ƙaramin jirgin ruwa mai inji, irin wanda ba a neman permi, wato lasisi, kafin a tuƙa.

Mai jirgin ya tambaye shi ko ya san "la marée". Yaya ya bugi ƙirji ya ce, "Monsieur, ai a cikinta na tsufa!" Shi kuma sakaran ya sallame su, ko tambaya ɗaya bai ƙara ba. Ta ina ɗan Damagaram zai san kalmar tana nufin cikowar teku da janyewarta?

Suka yi ta ratsa tsibiran duwatsu, iska na jijjiga su, har ya sami wani lungu tsakanin manyan duwatsu biyu inda ruwa ya kwanta lum. Ya jefa ƙugiyar tsayar da jirgi, suka ci kilishi da burodi, ya yi azahar a kan dutse, ya ɗan kishingiɗa. Da ya farka babu teku. Jirgi ya karkace cikin taɓo.

Ya naɗe wando ya shiga taɓon har gwiwa yana tura jirgi, yana ihu, "Ina ruwan ya tafi? Wa ya kwashe ruwan?" Leïla ta ɗauke shi bidiyo tana dariya har da hawaye, ta aika wa wata 'yar'uwarta a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon. Kafin ruwan ya dawo ya ɗaga jirgin, bidiyo ya riga su isa Stains.

Agusta na gaba ba ta zo ba. Wai ƙawayenta na makaranta sun gani, kunya take ji. Kunya! Ita ta ɗauka, ita ta yaɗa, kuma ita ce mai jin kunya. Na kira uwarta na zazzage mata abin da ke cikina, ta kashe min waya.

Rannan na iske shi a kicin yana kallon bidiyon. Na fizge wayar na ce, "Haba Yaya, don Allah goge abin nan, ya isa haka."

Ya riƙe min hannu. "Bari, Shamsiya. Saurari nan wurin. Kin ji yadda take dariya? Ni na sa ta."