Taguwar da Baba Ya Sayar

A gidanmu ba a sayar da dabba mace. In fari ya matsa, ko wani ya kwanta ciwo, rago ake kamawa ko bunsuru, in abin ya yi tsanani a kai amale kasuwa. Amma taguwa uwar garke ce, mutuwa kaɗai ke raba ta da gida. Raƙuman gadon kakanmu ne, suna hannun wani makiyayi arewa da Belbeji, Baba da ƴan'uwansa kowa ya san nasa a ciki. Wannan doka ita Baba ya taka saboda ni.

A lokacin na dawo Tanut daga Damagaram, inda na koyi gina shafukan intanet a kan kwamfutocin makaranta. Na dawo da sana'a a kaina amma hannuna wayam, kamar tela ba keke. Na yi ta zaman gida ina zana shafuka a takarda, har wata ranar kasuwa Baba ya tafi Belbeji ya dawo da akala kawai a hannu: ya sayar da taguwarsa don a saya mini kwamfuta. Bai yi shawara da kowa ba. Taguwar tasa ce, amma dokar ta kowa ce, don haka Baffa, yayan Baba, ya iso gidanmu washegari tun kafin a sauke tukunyar rana.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya zauna a zaure ya ce, "To, ta tafi. Sai mu je mu ga abin da zai tsaya a wurinta." Haka al'adarmu take: in an fitar da dabba daga garke, babba yakan raka mai ita ya ga abin da aka musanya ta da shi, don ya ba dangi labari da bakinsa. Shi ya sa muka hau mota mu uku zuwa Damagaram, ni a tsakiyar dattawa biyu da ba sa ce wa juna uffan.

Mai kantin da muka shiga ya san aikinsa. Da ya ji ni mai gina shafuka ce, kuma ina son in riƙa ajiye wa mutane shafukansu a intanet, sai ya kai mu gaban wata katuwar kwamfuta ta kan tebur, baƙa wuluk, da allo mai faɗi da fitilu masu ƙyalli a cikinta. Ya ce da wannan ba sai na yi hayar wurin ajiye shafuka a wata ƙasa ba, a ɗakina zan ajiye su, in bar ta kunne dare da rana duniya ta riƙa shigowa. Baffa ya zagaya ta, ya gwada ɗaga ta, ya ji nauyi. Karon farko tun daga Tanut na ga fuskarsa ta saki.

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima," in ji shi. "Wannan dai ko daga nesa an san dukiya ce."

Ba zan ɓoye ba, ni ma ta shiga raina. Wace ce ba ta son a ce shafukan mutane a ɗakinta suke kwana? Amma ina tsaye ina kallonta, ɗakina na Tanut nake gani: rufin kwano, zafin bazara da ke sa ruwan randa ya yi ɗumi, wutar lantarkin da ke tafiya ba sallama ta dawo lokacin da ta ga dama. Shafin da ke zaune a kan wannan na'ura, duk sanda aka ɗauke wuta ya mutu, mai shi kuma ni zai zo wa. Kuma mutanen da nake son yi wa aiki ba masu zuwa ofis ba ne. Suna karkara, ni ce zan je musu.

Na tambayi mai kanti ko yana da ƙanana na hannu. Ya fito da wasu sababbi, ya kuma jawo wata tsohuwa daga ƙasan kanta ba da son ransa ba, irin waɗanda ma'aikata suka gama amfani da su a Turai. Gefenta ya ƙuje, wasu haruffan sun fara gogewa. Na kunna ta, na buɗe abubuwa da yawa lokaci guda in ga ko za ta yi nishi, ba ta yi ba. Na zare mata waya na bar ta a kan batir muna ta magana, da ƙyar ta motsa. Na fita da ita bakin ƙofa cikin rana, rubutun yana karantuwa sarai. Na juya ta na ga da sukurori aka ɗaure bayanta, ko mai gyaran rediyo zai iya buɗewa ya share mata ciki. Na ce wannan nake so, ragowar kuɗin kuma in sayi faifan hasken rana, in yi hayar wurin ajiye shafuka inda wuta ba ta yankewa.

Baffa ya dube ni, ya dubi Baba. "Taguwa mai nono, a ba da ita a karɓo faranti? Farantin ma wanda wani ya ci ya rage?"

Baba ya tambaye ni abu guda: "Ɗiyata, kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce wa mai kanti a naɗe.

Da muka dawo, gida ya cika da masu zuwa ganin kaya. An share tsakar gida an shimfiɗa tabarma babba, don labari ya riga mu isowa cewa injin da ake ɗauka da mutum biyu za a kawo. Na zaro abata daga jaka na ɗora a tsakiyar tabarmar. Kakata ta leƙa ta ce, "Ke kishiya, ina sauran? Ko wannan murfin ne?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don da kaka ba a fushi. Amma na hango Baba a bakin zaure, shi bai yi ba.

Daga ranar ya daina zuwa majalisarsu ta gindin itacen bedi, inda yake zama da ƴan'uwansa bayan la'asar tun ina ƙarama. Sai ya ce ƙafa ke damunsa. Ƙafar da ke kai shi gona ta dawo da shi lafiya lau. Mun san abin da ake faɗa a can: wai ya biye wa yarinya ya zubar da gadon ubansa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Ni a yi mini dariya, ba komai, amma dattijo ya rasa wurin zama a cikin ƴan'uwansa saboda zaɓina, wannan ban iya haɗiye shi ba.

Aikina na farko na wasu mata ne masu yin cuku a wani mashekari kusa da Belbeji, sun haɗa ƙungiya suna neman masu saye daga birni. Na goya na'urata a jaka, na ɗaure faifan rana a bayan babur, muka tafi. Can babu wuta, babu tebur, turmi na kifa na ɗora ta. A gabansu na gina shafin, kuma ashe da ban yi haka ba da na yi ɓarna. Hotunan da na ɗauka tun farko duk suka ƙi su. Shugabarsu, wata dattijuwa mai kaifin baki, ta ce ba za a sa fuskar kowace mace duniya ta kalla ba, a sa hannuwa da cuku a kan tabarmar shanya. Wani hoton kuma ta ce cukun ciki na gaggawa ne, bai bushe ba, kada a kunyata su. Muka yi ta cirewa muna sawa, kawunansu a kan kafaɗata, har kowa ta ce ta yarda. Na rage wa hotunan nauyi, na gwada shafin a tsohuwar wayar ɗaya daga cikinsu, a wurin da rezo, wato sabis ɗin waya, ke zuwa yana tafiya. Sai da ya buɗe a nan na ce na gama.

A bazarar nan wutar Tanut ta yi tafiyar da ta fi ta kullum daɗewa. Masu firij suka yi ta kuka, ni kuwa ina inuwar zaure ina aiki, shafin matan bai ko ƙifta ba. Wani ɗan kasuwa daga Yamai ya gani ya kira su, bayansa wani. Sai masu dukancin fata suka aiko a kira ni, sai wata makaranta a Falanko. Ina alfahari da wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ni na zaɓa, a gaban manya biyu, kuma zaɓin ya yi daidai.

Baba bai taɓa ce mini na kyauta ba, ba halinsa ba ne. Wata la'asar dai ya miƙo mini wayarsa ya ce in nuna masa inda ake taɓawa cukun nan ya fito. Na nuna masa, ya gwada, ya ɓata, ya sake, har ya iya da kansa. Sai ya sa hula ya ɗauki buta ya fita. Na leƙa ta katanga na ga ya miƙe hanyar gindin bedi, ba ɗingishi ba komai.

Ban je ba, mata ba sa zuwa can. Baffa ne da kansa ya ba ni labarin daga baya, yana yi yana girgiza kai. Ya ce wayar ta zagaya hannu zuwa hannu har ta dawo hannun Baba. Sai wani ya ce to madalla, amma dai taguwa taguwa ce. Baba ya sa wayar a aljihu, ya gyara zama a wurinsa na da, ya ce, "Ni na sayar da ita. Kuma da za a maido mini ita yau, gobe da safe zan sake kai ta Belbeji."