Takalman Alonzo a Matakalar Majalisa

Vernell Tidwell, wadda muka binne makon jiya, jinin ƙarya take haɗawa tana sayar wa 'yan fim. Tun muna firamare muke tare a garin nan namu na kudu da Atlanta, kuma benci ɗaya muke zama a coci har muka yi furfura. Da can abinci take dafa wa 'yan makaranta. Da 'yan fim suka cika jihar da manyan motocinsu ta koma dafa musu, wata rana aka roƙe ta ta taya juya tukunyar jini, shi ke nan ta samu sana'a.

A garejinta take yi, da ruwan sukarin masara da jar kala da garin koko. Wanda za a sa a baki tana ɗiga masa na'ana'a don kada ɗan wasa ya yi amai. Komai na gidan yana da jan tabo, har kyanwarta.

Akwai wani dattijon cocinmu, Purvis, da ba ya barin ta ta huta.

"'Yar'uwa Vernell, da hannunki ake koya wa yaranmu kisa," in ji shi, yana cika faranti da soyayyar kazarta.

"Ɗan'uwa Purvis, bindiga nawa ce a ƙarƙashin gadonka? Ni tukunya gare ni da ludayi. Ajiye cinyar nan, ta fasto ce."

Ɗanta ɗaya, Alonzo, makanikin motocin bas. Dogo ne, mai dariya da kafaɗa, kuma har ya yi gemu bai daina ce mini Inna Earlene ba. An harbe shi da rana tsaka a gidan mai, kan gardamar wa ya riga wani isa famfon mai. Purvis na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa.

Shekara ta zagayo, sai ga Wade Harlan ya zo Atlanta yin gangamin a tsaurara dokar bindiga. Shi ne jarumin nan da ya karkashe mutane ba iyaka a fim, kuma rabin jinin daga garejin Vernell ya fito. Aka ce iyalai su kawo takalman mamatansu da aka harbe a jera a matakalar majalisar jiha, yadda aka saba. Vernell ta ɗauko fararen kambas ɗin da Alonzo ke sawa in ya zo loda mata bokitan jinin a mota. Ba ta wanke su ba, don har lokacin suna da ƙamshinsa.

Na raka ta. Wade ya bi tsakanin takalman a hankali, kyamarori na biye da shi, ya tsaya a gaban na Alonzo. Ya ga jan tabon, ya ɗaga su sama, hawaye na zuba.

"Ku dubi jinin yaron nan!" ya ce. "Ku dube shi da kyau!"

Wata 'yar jarida ta gano mai takalman, ta tura mata makirufo a baki.

"Mama, ya kika ji da kika ga jinin ɗanki a hannun Wade?"

"Ba jininsa ba ne, 'yata. Na garejina ne, ni na haɗa shi, na fim ɗin shi Wade ɗin ne ma. Jinin Alonzo a simintin gidan mai ya zuba, kuma da tiyo suka wanke shi."

Na mintsine ta, amma na makara. Vernell ba ta iya barin magana a karkace ba, ko da karkatar ta fi amfanar ta.

Kafin mu isa gida an yanke maganar, an jefar da ƙarshenta, an watsa farkon. Masu kare bindiga suka ce ga shi nan, ta faɗa da bakinta: jinin ƙarya, uwar haya, ba a taɓa haihuwar wani Alonzo ba. Mutanen Wade suka ce wata mata ce ta yaudare shi. 'Yan fim suka daina kiranta. Waɗanda ke kira yanzu baƙi ne, suna tambayar nawa aka biya ta kuɗin kuka.

Abu ɗaya take so a duniya: a yarda ta haifi ɗa, kuma an kashe shi. Muka je otal ɗin da Wade ya sauka don ta roƙe shi ya faɗi haka da bakinsa, tunda ya san Alonzo, ya sha ba shi hannu a wurin ɗaukar fim. Wata yarinya mai waya biyu ta tare mu a ƙasa.

"Mama, Wade yana ƙaunarki wallahi, amma sunanki yanzu wuta ne. Ki tausaya wa gangamin."

Ta ba mu hula ɗai-ɗai mai sa hannunsa.

Sai masu cewa ƙarya ce suka fara zuwa maƙabarta. Maza ne manya, daga jihohi masu nisa, suna ɗaukar hoto a jikin dutsen kabarin Alonzo suna murmushi. Wani ya zo da dogon ƙarfe yana soka ƙasa. Ɗaya ya tare Purvis a ƙofar coci da kyamara, ya ce, "Dattijo, kai ka ɗauki gawar, ka gan ta?"

Purvis ya gyara wuyan kwat ɗinsa. "Ni dai akwati na ɗauka, ɗana. Ban buɗe ba."

Vernell ta kalli bidiyon a wayata, ta miƙo mini ita. Daga ranar ba ta ƙara shiga cocin ba.

Ita da kanta ta kira masu aikin maƙabarta ta ce su cire dutsen. Ina tsaye kusa da ita lokacin da suka cicciɓe shi da ƙarfe, sunan Alonzo na kallon sama a bayan a-kori-kura. Ta shuka ciyawa a wurin, ta yi ta ba ta ruwa har ta yi daidai da ta gefe. Masu zuwa suka zo ba su ga komai ba, suka koma suna murna, wai gaskiyarsu ta fito.

Da ciwon zuciya ya kwantar da ita, ta kama hannuna ta ce, "Earlene, kada ki bari a sa ni kusa da shi. Dutsena zai nuna musu wurin."

Na yi mata alkawari, kuma na cika. Tana can ƙarshen maƙabarta, jikin shingen titi. In na je wurinta ta gaban Alonzo nake bi, ba na tsayawa, ba na ajiye fure. Tafiya kawai nake ragewa.