Markaɗen da Na Aika wa Inna Ban Ɗanɗana Ba

Na daɗe ina son rubuta wannan. Sai in fara in goge, in sake farawa, ina gudun a yi min dariya. Yau dai na ce a yi.

Shekarun baya, yayana mai tuƙa babbar mota zuwa kudu ya tsaya a Birnin Gwari inda nake aure da sassafe, ya sauke min leda cike da wasu 'ya'yan itace masu baƙin ɓawo. Ya ce can wolnot suke ce musu, dafaffu ne, a fasa a ci. Ko zama bai yi ba ya wuce.

Ni kuwa tun ina yarinya gyaɗa ce sana'ata. Da na fasa ɗaya na ga cikinta fari mai maiƙo, sai na ce ai wannan 'yar'uwar gyaɗa ce. Mahaifiyata tana ƙauyenmu Tabanni, haƙoranta sun zube, ba ta iya tauna. Na ce bari in markaɗa mata ta riƙa zubawa a kunu. Na ɓare, na yayyanka, na soya har suka bushe, na daka a turmi sai da ya yi luƙui. Ranar ina ramuwar azumi, don haka ko lasa ban yi ba. Bayan azahar na ba wani ɗan acaɓa ɗan garinmu ya tafi da shi.

Da aka kira magariba na lashi ɗan abin da ya rage a turmi. Da daɗi. Na kora da ruwa. Nan take bakina ya gauraye da ɗaci kamar na tauna maɗaci. Na miƙa wa maigida, ya lasa, ya sha ruwa, ya furzar.

Ya ce, "Ke, me kika aika wa Inna?"

Na kira babana, babu sabis a ƙauye. Na kira yayana, a kashe. Na ɗauki mayafi, maigida ya tare ƙofa. Ya ce, "Wa zai shiga dajin nan da ke yanzu?" Na san gaskiyarsa, amma na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in sake shinshina turmin.

Gari na wayewa na hau mashin. Duk wanda muka haɗu da shi a hanya sai in duba fuskarsa, ko saƙo ya kawo.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar masara. Ta ɗago ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

"Inna, kin ci abin nan?"

"Na ci, babanki ya ci, har na ɗiba wa maƙwabciya."

"Ba ki ji ɗaci ba?"

"Na ji mana. Na ce ko magani kika sa min."

Maƙwabciyar, wata 'yar Gbagyi da ta taɓa zama a Ibadan, ta leƙo ta katanga tana dariya. Ta ce haka halinsa yake, in aka sha ruwa a kansa sai baki ya yi ɗaci, ba ya kashe kowa.

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Inna ta bari sai da na gama, sannan ta ce, "Wato ba ki ɗanɗana ba, sai kika gwada a kan tsohuwa?"

Da wasa ta faɗa, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ni da nake wanke kwano sau uku, a ce ni na yi wannan ganganci.

Yanzu Inna tana fama da hawan jini, kuma kullum sai ta ce in yi mata "mai ɗacin nan". Ni na ƙi. Don Allah wanda ya san ko yana da illa ga mai hawan jini, ya faɗa min. Ta fara cewa rowa nake mata.