Jirgin da ke bi ta gadon Baba Marcel

Baba Marcel ya ƙare ƙuruciyarsa yana juya wa jiragen ƙasa layi a tashar Kafanchan. Aikinsa ke nan: ya kama dogon ƙarfe ya ja da iya ƙarfinsa, jirgi ya bar wannan layin ya hau wancan. Ya yi ritaya tun ina budurwa, amma hannunsa bai samu labari ba.

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, shi ya sa ba abin da ya wuce ni. Da tsufa ya kama shi sai ya fara aiki cikin barci. Yakan yi mafarkin jirgi ya taho kan layin da ba nasa ba, ya lalubi ƙarfen nan, abin da ke kusa kuwa hannun matarsa Obianuju ne, wadda muke kira Mama Chinonye. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, shi ya gurɗe mata kafaɗa. Da gari ya waye ya zauna yana kuka kamar yaro.

'Yarsu Chinonye ta taho daga Zonkwa a fusace, ta ce ko uwar ta koma wani ɗaki, ko ta tafi da ita. Ni ma na sa baki, don shiru ba halina ba ne.

"Mama, raba ɗaki ai ba raba aure ba ne."

"Afiniki, in na fita, wa zai gaya mishi tiren ya wuce?"

Ashe abin da take yi ke nan. Da ya damƙe ta, sai ta raɗa masa cewa tiren, wato jirgi, ya wuce lafiya, shi kuma ya saki. Ta daɗe tana haka ba wanda ya sani, har ni da nake ganin ba abin da ya wuce ni.

Chinonye ta kai su wajen likita a Jos. Likita ya ce ba aljanu ba ne, ba mugunta ba ce. Jikin mai mafarki yana da birki, na Baba ne ya daina kamawa. Ya rubuta masa wata ƙwaya da zai riƙa sha kafin ya kwanta, ya ce a sauke katifa ƙasa, a kuma riƙa dawo da shi ana dubawa. Na ga ƙwayar, ko girman wake ba ta kai ba, na yi tsaki a raina. Wannan ce za ta tsayar da jirgi?

Ta kuwa tsayar, kuma har yau mamakin bai sake ni ba. Kafin a gama tonon citta na ga Mama Chinonye tana jan guga da hannun nan. Chinonye ta koma Zonkwa ita kaɗai.

Rannan na tambaye ta, "Mama, yaya Baba?"

"Yana barci kaman jariri. Amma kullum kafin ya rufe ido, ina gaya mishi tiren ya wuce."

"Ai kin huta da wannan."

"Yanzu ne yana ji, Afiniki. Jiya ya riƙe hannuna a hankali, ya ce ya gode."