Buhunan da Suka Isa Madina

Ni da yayana ga-ruwa muke yi a Madina. Da aka ja famfo cikin gidajen unguwarmu ta Al-Sih, sana'ar ta mutu a kafaɗarmu. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, ba mu da karatu. Dogon numfashi kawai muke da shi, domin mu 'ya'yan masunta ne daga Gulbin Kabi, tun muna yara muke nutso.

Yaya bai zo Madina neman arziki ba. Ya zo ne ya mutu a cikinta. Da ƙafa muka ratso Chadi da Sudan, duk inda ciwo ya kayar da shi sai ya ce, "Ba a nan ba. Sai Baƙi'a." Makabartar da ke gefen masallacin Annabi yake nufi. Matarsa takan tsokane shi: "Malam, ka samo mana shinkafa tukuna, kabari ba ya gudu."

Wani mai shagon carbi a unguwar Ƙiblatain ya haɗa mu da wani rayyis, mai jirgin ruwa a gaɓar da ke arewa da Yanbu. Yusur yake nema. Baƙin reshe ne da ke tsirowa cikin kogwannin dutse a ƙarƙashin teku, da shi ake fere carbin da alhazai ke rububi. Aka loda mu a bayan mota tare da buhunan wofi.

Gaɓar duk dutse ce mai kogwanni, wasu a sama, wasu a ƙasan ruwa. Aka ba mu huri, ɗan kwalekwale mai cin mutum biyu, da gilashin fuska, da bututun numfashi, da zarto. Za ka kwanta rub da ciki a kan ruwa kana shaƙa ta bututu har ka hango bakin kogo. Sai ka nutsa da igiya a ƙugu, ɗan'uwanka yana riƙe da ita daga huri. Rayyis ya nuna mana yadda ake yanka reshen. Bai ce mana komai a kan ramuka ba.

Abinci busasshiyar gurasa ce da dabino. A Kabi, in kana son tarwaɗa, hannu kake zurawa cikin rami ka kamo ta. Wanda ya ji tsoron rami har mata suna yi masa waƙa. Wata safiya Yaya ya ɗago daga ruwa yana dariya.

"Ƙane, yau romo za ka sha. Na ga rami."

"Yaya, ruwan nan ba namu ba ne."

"Rami rami ne. Kifi ya san ƙasa?"

Ya nutsa. Na sa fuska a ruwa ina kallo. Ya zura hannu har gwiwa. Abin da ke ciki shaga ce, kifi mai jikin maciji, kaurinta kamar cinya, haƙoranta sun karkata baya. Ta kama, ta koma ciki da shi. Na ga ƙafafunsa suna dukan ruwa. Na ja igiya. Ba ta saki ba. Na taka gefen huri na ja da dukan ƙarfina, ya taso, rabin tafin hannunsa ya zauna a ramin.

Na tuƙa zuwa jirgi. Rayyis ya leƙo daga inuwa.

"Ina zarto?"

Zarton ya faɗi a ƙasan ruwa. Sai da na nutsa na ɗauko shi kafin ya kalli ciwon. Ya tsiyaya kananzir a kai, ya ce, "Ya Takruni, wa ya aike ka gaisawa da shaga?" Takruni suke kiran irinmu, baƙaƙen da suka zo daga ƙasashen yamma. Mutanensa suka kwashe da dariya.

Na kwantar da Yaya a wani kogo na bakin gaɓa saboda rana. Hannun ya kumbura, ya yi baƙi, baƙin ya hau kafaɗa. Ya san abin da ke tafe. Bai nemi likita ba.

"Ka kai ni gida," ya ce. "Ko a ƙofar Madina ne in cika."

Na je wurin rayyis. Ya ce mota ba ta zuwa sai buhuna sun cika. "Bukra, in sha Allah." Wato sai gobe.

Na ɗaure igiyar a jikin huri na riƙa nutso ni kaɗai. Na shiga kogwannin da sauran masu nutso suke gudu. Jini ya fito min ta kunne, tun daga lokacin ba na ji da na hagu. Duk dawowa Yaya sai ya buɗe ido: "Sun cika?" In ce saura kaɗan.

Suka cika. Mota ta zo. Na goyo shi har bakinta. Direban ya toshe hanci da rawaninsa.

"Ba na wucewa da gawa ta shingen 'yan sanda. Gawa ma marar takarda."

"Da ransa," na ce.

"Yanzu dai."

Yaya yana ji. Aka loda buhunan, motar ta tafi. Ya bi ta da ido har ƙurarta ta kwanta. Bai ƙara yi min magana ba. Da la'asar ya cika.

Da ruwan gishiri na wanke shi. Na haƙa yashin cikin kogon da filafilin huri, bai yi zurfi ba na tarar da dutse. Na fuskantar da shi alƙibla. Madina tana can ta wajen ƙafafunsa. Na jera duwatsu a kai saboda ƙaguwa, ko da yake na ga sun riga sun taru.

Da na dawo Al-Sih matarsa tana tankaɗe a tsakar gida. Ta duba bayana ba ta ga kowa ba.

"Ina yayanka?"

"Ya rasu."

Ta yi salati, ta ajiye rariyar. "Amma ka kawo shi?"

"A'a. Buhunan ne suka iso." Na tsaya kaɗan. "Ke kika ce kabari ba ya gudu."

Har ta mutu ba ta sake amsa sallamata ba. Ita a Baƙi'a aka binne ta. Ina cikin masu ɗauka.