Jif a Bayan Shanu

Wautata ce ta sa na sayar da bijimaina na sayi tsohuwar jif a hannun taubashina na Kabo, don kawai kujerunta na fata ne. Ni da karatuna bai wuce allo ba, ina na san inji? Ba a jima ba injin ya buga a hanyar Mainika. Bakanike ya leƙa, ya ce sai dai addu'a.

Taubashi ba a kai shi ƙara, ba a yi masa fushi, sai dai a rama. Na haɗiye abin har ranar sunan jikansa. Na aro shanun noma, aka ɗaura musu jif, na hakimce a ciki da babbar riga, maƙwabcina yana kora, tun daga Gwarzo har ƙofar gidansa. Duk wanda ya tambaya sai in ce, "Motar Alhaji ce, haka ya sayar min."

Taron suna ya kaure da dariya. Ya fito, ya zagaya motar, ya shafa tozon sa ɗaya, ya ce, "Taubashi, wannan injin ya fi wanda na ba ka. Na sayarwa ne?"